Wata Takwas a Ɗakin Baya

Kun ga Inna Delu ta daina fitowa, ku mutanen Tudun Wada, kuma babu wanda ya bi sawu. An ce muku ciwon ƙafa ne, kuka ce Allah ya sawwaƙe, kuka wuce. To ga ta yau a wani asibiti a Gusau, ta hau bene da ƙafafunta ba ta dafa kowa ba. Ɗanta Attahiru na biye da ita riƙe da kati, yana addu'ar kada su haɗu da idon sani.

Likitar, wata matashiya mai suna Halimatu Sadiya, ta gaishe ta da ladabi, ta auna jininta, ta ɗan ɓata fuska. Sannan ta lissafa mata abubuwa biyar ta ce ta riƙe su a ka: tsintsiya, rago, masallaci, tulu, gyaɗa. Bayan 'yan mintoci ta nemi ta maimaita. Inna ta kawo gyaɗa, ta tsaya cak. Ta juyo ta dubi ɗanta. Attahiru malamin sakandare ne, ya san wannan kallon, na ɗalibin da aka tayar a aji bai san amsa ba. Ya sunkuyar da kai.

Likita ta ajiye biro. Ta tambayi Inna garinsu, ta ce Rawayya, can ƙasar Bunguɗu. Sai likita ta yi mata ƙorafi cewa ita duk daddawar da ta yi ba ta yin daɗi. Inna ta gyara zama. Ta faro daga dafa kalwa, ta bi ta surfe da wanki da dahuwa ta biyu, har zuwa yawan kwanakin da za a rufe ta a kwando, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

"Ke dai ragwancin wanki gare ki, ɗiyata," in ji ta. "Na gani a hannunki."

Likita ta yi dariya. Attahiru ya nemi ya tuna rabon da ya ji uwarsa ta yi magana mai tsawo haka, ya kasa.

Daga nan likita ta juyo gare shi. Ta ce ƙwaƙwalwa da jini take rayuwa. Hawan jini da zama wuri ɗaya suna lalata ƙananan hanyoyin da ke kai mata shi. Tafiya da ƙafa, hira, aikin hannu, tuno hanya da sunayen mutane, duk suna sa ta aiki, kuma inda ke aiki can jini ya fi zuwa. Ba ta yi alkawarin warkewa ba. Ta ce ana dai iya rage wa mantuwar gudu, a riƙe abin da ya saura muddin ana amfani da shi.

"Da wa take hira a gida, Malam? Ina take zuwa da ƙafa?"

"Muna dai hutar da ita."

"Tun yaushe?"

"Wata takwas."

Likita ta ɗauki biro. Ta rubuta abin da ya faɗa.

Wata takwas da suka wuce sun je Tsafe ta'aziyyar Malam Yazid, mijin Rabi, aminiyar Inna tun suna 'yan mata. A tsakiyar mata, ana addu'a, Inna ta dafa Rabi ta tambaye ta ina Malam, ko ya tafi gona. Wasu suka toshe baki da mayafi. Kafin la'asar maganar ta iso tabarmin maza, har wani ya ja Attahiru gefe ya ba shi sunan mai maganin taɓin hankali. Tun ranar ya gyara mata ɗakin baya, ya sa fanka da talabijin. Ya hana matarsa Zainab ta ba Inna ko tsintar wake, wai uwar malami ba ta aiki. Rabi ta gama takaba ta dawo wurin 'yarta a Sabon Gari, ta aiko sau uku tana son ganin ƙawarta. Sau uku yana cewa ƙafa. Ya kira abin girmamawa, har shi kansa ya yarda.

Da suka fito daga asibiti ya tayar da mota, ya nufi gida, ya kuma juya. Inna ta tambaye shi inda za su, ya faɗa mata. Ta sake tambaya, ya sake faɗa. A bakin titin Sabon Gari ya ajiye motar nesa da gidan 'yar Rabi, suka taka a hankali. Masu shaguna na kallonsu. Wani da ya san shi ya ɗaga murya ya ce ashe ƙafar Inna ta yi sauƙi.

"Da ma ba ƙafa ba ce," in ji Attahiru, bai tsaya ba.

Suka yi sallama. Rabi na tsakar gida tana gyaran zogale, da mata biyu 'yan maƙwabta. Ta miƙe da sauri har faranti ya kife. Inna ta riƙe hannunta, ta daɗe tana duban fuskarta, ta kira sunanta daidai. Attahiru ya durƙusa daga bakin ƙofa ya fara gaisuwa.

"Ina Malam Yazid?" in ji Inna. "Ko ya tafi gona?"

Matan biyu suka dubi juna. Attahiru ya buɗe baki zai ba da haƙuri, Rabi ta ɗaga masa hannu.

"Ya rasu, Delu. Zauna in ba ki labari. Kowa ya daina ambatonsa a gabana, wai kada in yi kuka. Ke kaɗai kike tambayarsa."

Ta jawo mata kujera, ta tura mata rabin zogalen. Yatsun Inna suka kama tsinke da kansu. Attahiru ya tambaya a hankali ko zai iya kawo ta gobe. Rabi ta ce tun watannin baya take jiran wannan tambayar, ba ta ko dube shi ba.

Ya fita zaure ya zauna yana jin muryoyinsu.

Kai ma ka san ɗakin baya na gidanku. Tashi ka buɗe shi yau.