Kwamfutocin da Suka Ƙi Farkawa

A ofishin kowa da lungunsa. Aikinsu ɗaya ne, kula da cibiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, amma cibiyar sassa-sassa ce, kowane sashe yana jingine da ɗan'uwansa. Wata ma'aikaciya ce ke riƙe da sashen da ke rabon ƙwaƙwalwar na'ura, shi ya sa ake ce mata Mai Ƙwaƙwalwa, tun tana ɓata rai har ta saba amsawa.

Ta shafe watanni tana sake fasalin sashenta don ya ƙara sauri, kuma duk gwajin da ta yi a teburinta ya wuce lafiya lau. Sai da aka haɗa gyaranta da aikin sauran, aka ɗora wa kwamfutocin ɗakin gwaji, sannan matsala ta ɓullo. Idan aka rufe murfin kwamfuta ta yi barci, wasu ba sa farkawa. A buɗe, a danna, shiru, sai 'yar fitila tana ƙiftawa.

Shugabarsu ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce lokacin fitar da sabon zubin manhajar ya matso, in ba a gano bakin zaren ba dole a cire gyaran. Wanda ya san sashen barci da farkawa ciki da waje shi ne Kawu, dattijon da ya riga kowa zuwa ofishin, ga shi kuma yana asibiti yana jinyar matarsa da aka yi wa aiki a gwiwa.

Mai Ƙwaƙwalwa ta karanta rubutun sashensa har idonta ya yi ja, ba ta ga aibu ba. Nauyin kiransa ya hana ta ɗaga waya. Daga baya ta sayi lemo da ayaba ta tafi dubiya, ta ƙudurta a ranta ba za ta tayar da zancen aiki ba. Kwamfutar dai tana cikin jaka.

Ta tarar Kawu yana gyara wa matar filo, ita kuma tana ture hannunsa. Bayan an gaisa an yi ya jiki, matar ta dubi jakar ta ce, "'Yata, in akwai aiki a jakar nan don Allah ki ba shi. Tun safe yake ɗura mini ruwa, na kusa zama tulu."

A bencin baranda suka zauna, ma'aikatan jinya na wucewa da keken magani. Kawu bai tambayi laifin wa ba ne. Ya sa ta yi masa bayanin gyaranta tun daga tushe, yana gyaɗa kai, tabaransa a ƙarshen hanci. Can ya tsayar da ita. Ya ce sashensa faifan ajiya yake fara tayarwa, faifan kuma da ya farka sai ya nemi wuri a ƙwaƙwalwa. A da wurin kullum a shirye yake. Yanzu sabon tsarinta yana ɗan jinkirtawa, faifan ya tsaya jiran ƙwaƙwalwar, ita kuma tana jiran faifan. Shekara da shekaru sashensa na dogaro da wata ɗabi'ar sashenta da babu wanda ya taɓa faɗa wa kowa.

Ta ce to bari ta mayar da nata yadda yake. Kawu ya girgiza kai.

"A'a. Ki gyara naki, in gyara nawa, su shiga tare. In ɗaya ya shiga shi kaɗai, sake karyewa za a yi."

Haka aka yi. Kwamfutocin ɗakin gwaji suka riƙa farkawa ɗaya bayan ɗaya, ban da wani tsohon samfuri da har yanzu yakan maƙale jefi-jefi. Shugabar ta ce akwai mutane da yawa masu amfani da irinsa, don haka gyaran zai jira zubi na gaba. Abin ya sosa wa Mai Ƙwaƙwalwa rai, ta shiga banɗaki ta wanke fuska, ta daɗe ba ta fito ba.

Washegari ta bi abokan aikinta tebur-tebur tana tambayar kowa wace ɗabi'ar sashenta yake dogaro da ita ba tare da ya faɗa ba. Wasu suka ce babu. Mai kula da sashen sauti kuwa ta jawo kujerarta kusa, ta ce nata bayanin da ɗan tsawo.