Bangon Tartsatsi

Tartsatsi bai kashe injin walda ba sai da ya gama haɗe ƙafar kujerar da ke gabansa, ko da yake tun ɗazu ya hango takalmin Mai-gilas a bakin ƙofa. Irin takalmin nan ne mai sheƙi, wanda ba a yi shi don taka ɓurɓushin ƙarfe ba. Ya bar shi ya sha hayaƙi kaɗan, sannan ya ture garkuwar fuskarsa sama.

"Ranka ya daɗe, yau kai ne da kanka? Ina direban?"

Mai-gilas shi ne mai katafaren shagon kujerun nan na bakin babban titi, wanda gabansa duk gilas ne. Rabin kujerun da ke ciki daga wannan lungun suke fita. Tartsatsi ya ƙera firam, wato ƙashin kujera na ƙarfe, ƙanin matarsa Auta ya sa soso da yadi, shi kuma Mai-gilas ya manna sunan kamfaninsa a ƙarƙashi, ya kunna musu fitila mai kyau. Kowa ya san haka, kuma ba wanda ya taɓa cewa uffan, don ciniki ne.

"Maganar tallafin nan ce ta kawo ni," in ji Mai-gilas. "Na ji yau ne ganawarku a ofishin asusun yanki. Injin lanƙwasa bututu kuke nema, ko?"

"Haka aka rubuta."

"To, ni ma na shigar da tawa takardar. Ku dawo ƙarƙashin kamfanina, mu zama abu guda. In an ba da injin, a kafa shi a harabata. Akwai wuta, akwai maigadi. Duk lokacin da ka ga dama ka zo ka yi aikinka."

"Lokacin da na ga dama, ko lokacin da maigadinka ya ga dama?"

Mai-gilas ya yi dariya irin ta mutumin da ya saba a ƙarshe ana bin ra'ayinsa. Ya nuna bangon da ke hannun dama da mukullin motarsa.

"Tartsatsi, mu gaya wa juna gaskiya. Wannan tallafi ba na mutum ɗaya ba ne, na haɗin gwiwa ne. Yau za su zaunar da kai da surukinka a ɗaki guda, su yi muku tambayoyi. Mutumin da ko gaisuwa ba kwa yi. Me za ka ce musu?"

Bangon nan yana da labari. A da shagon ɗaya ne, gadon da matar Tartsatsi da ƙaninta Auta suka ci daga mahaifinsu. Tartsatsi na walda a gefe, Auta na yankan soso a gefe, ana raha, rediyo ɗaya ya ishe su. Sai wata rana kujerarsu ta karye da wani ƙaton mutum a ɗakin jiran wani asibiti. Mai asibitin ya zo yana faɗa, mutanen lungu suka taru, Auta kuwa ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ni dai na san soso ba ya karyewa." Aka yi dariya. Washegari Tartsatsi ya sayo bulo da siminti, ya raba shagon biyu da hannunsa.

Amma fushi daban, abinci daban. Ya bar taga a tsakiyar bangon, daidai yadda firam ɗin kujera zai wuce. Tun daga ranar, shekaru sun yi nisa, ta nan ake aiki. In firam ya shirya, Tartsatsi ya buga bango sau ɗaya da guduma. In Auta ya karɓa, ya buga sau biyu. Da'irar alli a jikin ƙarfe na nufin soso mai kauri. In firam ya karkace, Auta ya ɗaura masa jan ƙyalle a wurin, ya turo shi baya, Tartsatsi ya yi tsaki ya gyara. Ba su taɓa saɓa wa mai kaya rana ba.

"Abin da zan ce musu, a bakina yake," in ji Tartsatsi. Ya sauke garkuwar fuskarsa, ya kunna inji. Mai-gilas ya ja da baya da sauri don kada wuta ta taɓa masa wando.

Matar Tartsatsi ce ta cika takardun tun farko, don ita ce ta yi makaranta a cikinsu. Ita ce kuma ta zauna tsakanin mijinta da Auta a bas a hanyar zuwa ofishin, jakarta a cinya, kamar mai raka fursunoni biyu kotu. Tun daga tasha take musu karatu.

"Baban yara, in an tambaye ka, ka dubi Auta ka yi murmushi. Ba za ka mutu ba."

"Haƙorana ba na talla ba ne."

"Kai kuma Auta, ka ce masa Yaya sau ɗaya a gabansu. Sau ɗaya tak."

"Yaya ɗaya gare ni, ga ta nan zaune," in ji Auta, yana kallon taga.

"Allah ya haɗa ni da ku. Wannan ya girme ni, wannan na goya shi, amma hankalin ku biyu ba zai cika cokali ba."

Wata mata a kujerar baya ta ƙyalƙyale da dariya, sannan ta wayance da tari.

Ofishin yana bene na sama, doguwar baranda ce da kujeru a jere. Masu nema sun cika ta: masu ɗinki sanye da kaya iri ɗaya, masu gyaran waya, wasu matasa da fayil mai kauri suna ta haddace abin da za su faɗa. Duk biyu-biyu ne ko uku-uku, suna ta dafa kafaɗar juna kamar a ciki ɗaya suka kwanta. A can ƙarshe ga Mai-gilas, ya riga su zuwa da mota, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ya ɗaga musu hannu.

Kafin Tartsatsi ya zauna, ya girgiza kujerar, ya leƙa haɗin ƙafarta, ya yi tsaki. A ɗaya gefen Auta ya danna soson da babban yatsa, shi ma ya yi tsaki. Matar ta dube su, ta girgiza kai.

Da aka kira su, ta miƙe za ta bi su, sai mai tsaron ƙofa ya tare ta.

"Masu sana'ar kaɗai, Mama."

"Ni ce bakinsu."

"Su shiga da nasu."

Jami'ar da ke ciki ba za ta wuce sa'ar babbar 'yar Tartsatsi ba. Tabarau a hanci, fayiloli sun kusa rufe ta, kofin shayinta ya huce tun safe. Ta gaishe su da ladabi, ta buɗe takardarsu.

"Baba, kai ne mai walda, Malam kuma mai soso. Ku gaya mini yadda kuke aiki tare."

Fanka na juyawa a sama. Tartsatsi ya ji murmushin da aka umarce shi yana ƙoƙarin fitowa, ya haɗiye shi.

"Ni nake yin ƙarfe," ya ce. "Shi yana rufe aikina da tsumma."

"Ki gaya masa," in ji Auta, yana duban jami'ar, "tsumman nan shi ne abin da mutane ke saya. Ba wanda ya taɓa shiga shago ya ce a ba shi ƙarfe ya zauna a kai."

"Ki tambaye shi, 'yata, wa ya koya masa barin tazarar yatsa biyu a bayan kujera don kada yadi ya tsage?"

"Ki tambaye shi wa ke ɗaura masa jan ƙyalle duk lokacin da idonsa ya gaza."

"Sau nawa a wata? Ki ce ya faɗa."

"Tun da ya ƙi sa tabarau, kullum ƙaruwa yake."

Jami'ar ta ajiye biro. Ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Ku yi haƙuri. Kuna magana da juna kuwa?"

Nan ne wurin da matarsa ta ce ya yi ƙarya. Ƙaryar ma ba mai tsada ba ce, kalma ɗaya ce. Tartsatsi ya tuna masu dafa kafaɗa a baranda, ya ga ba zai yi irin nasu ba.

"Ba ma yi. An daɗe."

"To ta yaya aiki ke tafiya?"

Ya gaya mata zancen bango da taga, da bugun guduma, da da'irar alli. Inda ya tsallake, Auta ya cike, yana dai duban jami'ar. Ta sake ɗaukar biro tana rubutu, wani lokaci ta sa hannu ta rufe baki. Ta tambayi abin da injin zai ƙara musu. Tartsatsi ya ce yanzu da wuta da ƙarfin damtse yake lanƙwasa bututu, kafaɗarsa ta fara gaya masa shekarunsa. Auta ya ce in lanƙwasar ta zama iri ɗaya, zai yanka yadin kujeru da yawa a zama guda, ba sai ya auna kowace karkatacciya daban ba.

"Ki rubuta karkatacciya ɗin a bakinsa ta fito," in ji Tartsatsi.

Jami'ar ta jawo wani fayil mai kauri, mai bango mai sheƙi.

"Akwai wani kamfanin kujeru da ya nemi irin wannan injin. Ya ambace ku a matsayin masu yi masa aiki. Gaskiya zan gaya muku, Baba, takardarsa ta fi taku tsari. Yana da fili, yana da wuta. In kuka koma ƙarƙashinsa, damar samu ta fi yawa. Sai dai injin zai zama a hannunsa."

Tartsatsi ya dafa gwiwoyinsa da hannayen nan nasa masu tabon wuta.

"'Yata, tun ba a haife ki ba nake cin hayaƙin ƙarfe. Ban hawo benen nan neman ubangida ba. In za ku ba mu, ku ba mu da sunanmu. In ba za ku ba mu ba, wutar da nake lanƙwasa ƙarfe da ita ba ta mutu ba. Amma in tsaya a ƙofar wani ina roƙon maigadi ya buɗe mini injin da aka samo da gumina, wannan kam sai dai a yi da wani."

"Ki rubuta har da ni a wannan maganar," in ji Auta. "Ita kaɗai ce ya faɗa daidai yau."

Ta rubuta. Sannan ta cire tabarau ta murza idanu.

"Ba ni ke yanke hukunci ba, kuma masu nema suna da yawa, kada ku sa rai da yawa. Amma akwai sharaɗin da ba ya canzawa. Injin haɗin gwiwa a wuri ɗaya ake kafa shi, inda kowannenku zai kai gare shi ba tare da neman izinin ɗan'uwansa ba. Masu dubawa za su zo kafin a zauna kan takardu. In suka tarar da shago biyu da bango a tsakiya, a nan maganarku za ta tsaya."

"Yaushe za su zo?"

"Ba sa faɗa."

"Su zo," in ji Tartsatsi, ya miƙe.

A baranda Mai-gilas ya taso yana gyara hannun riga.

"Yaya dai? In shiga in ce mun daidaita?"

"Shiga ka ce musu kana da gilas mai kyau," in ji Tartsatsi, ya wuce.

A bas matar ta yi ta tambaya, ba wanda ya ba ta amsar kirki. Sai da suka sauka Auta ya ce mata, "Yaya, mijinki ya tona mana asiri tas." Ta dafe kai. Kowa ya buɗe ƙofar shagonsa ya shige.

Rana ta fara sanyi lokacin da ta leƙo shagon mijinta, ta tarar ya tuɓe rigar fita, yana jan tarkace daga ƙarƙashin benci. Ya fito da babbar gudumar nan da ba a ɗagawa da hannu ɗaya.

"Baban yara, ba a fa ba ku komai ba tukuna. Wataƙila ma ba za a ba ku ba."

"Na ji ta da kunnena."

"To in ka rushe bangon, aka hana ku fa?"

"Ni na gina shi. Ba ofishi ne ya ba ni bulon ba."

Ya tsaya gaban bangon. Bugu ɗaya na nufin firam ya shirya, bugu biyu an karɓa. A duk shekarun nan ba su taɓa ƙirƙiro bugun da ke nufin mutum ya matsa, bango zai faɗo ba. Kuma ya san a ɗaya gefen Auta na jingine sabon soso a jikin bangon, wani lokaci ma shi kansa a nan yake zama.

Ya dubi matarsa. Ta naɗe hannuwa a ƙirji, ta jingina da ƙofa.

"Kada ka dube ni. Na yi ritaya."

Tartsatsi ya yi gyaran murya. Ya sunkuya a bakin tagar, kamar mai leƙa rijiya.

"Kai, Auta. Kwashe sosonka daga jikin bango."

Sai murya ta fito ta tagar, kusa ƙwarai, kamar mai ita ya daɗe a tsaye a wurin.

"Na kwashe tun kana neman guduma. Ka fara daga sama, kada ka yi mana irin aikin kujerar asibiti."

Tartsatsi ya san daga sama ake farawa, tun Auta na wasan ƙasa ya san haka. Ya tsaya jim, ya gyara riƙon gudumar, ya duba ƙotarta a tsanake, don kada wani ya ce umarni ya bi. Sannan ya jawo benci ya hau.