Tambayar Safi

Mako biyu cur Mushe Intalla, wato Malam Intalla, ya yi yana shirya darasi guda, kai ka ce biki zai yi. Shekara tara yana koyar da Ingilishi a kwalejin da ke bakin hanyar Rumbu, har yau ɗan kwantiragi ne. An kuma aiko cewa bana duk wanda ansipekta ta shiga ajinsa ba ta gamsu ba, to ya kama gabansa. Ga mata da 'ya'ya huɗu, ga tsohuwa a gida.

Darasin da ya faɗo masa kuwa, Allah ya kyauta, shi ne na aikatau masu jela, waɗanda ake liƙa musu wata 'yar mitsitsiyar kalma sai ma'ana ta juye gaba ɗaya. Shi kansa Mushe sai ya leƙa kaye, littafin da yake rubuta darasi, kafin ya buɗe baki. Don haka ya yi dabara. Ya raba wa kowane ɗalibi amsa guda ya hardace, bisa jerin zama: tambaya ta farko ta mai bencin farko ce, ta biyu ta na gefensa, har bango. Kullum da yamma suna maimaitawa, har abin ya zauna daram.

Sai ga ansipekta, Madam Uwale, ta dira ranar kasuwar Dakoro, kwana biyu kafin ranar da aka faɗa. Ranar kasuwa fa! Kusan rabin ajin sun bi iyayensu kora awaki da raƙuma.

Ta tsaya bakin ƙofa, ta dubi bencinan da suka yi giɓi-giɓi.

"Ku matso gaba, ku cike wuraren nan. Ba na son ihu."

Intalla na kallo yara suka tashi suka cakuɗe, na bango ya dawo gaba, na tsakiya ya koma gefe. Madam ta ja kujera can baya ta zauna, ta buɗe takarda, ta cire murfin bironta, bik.

Ya rubuta jimla ta farko a allo. Ana neman abin da ake yi wa fitila in duhu ya yi. Ya juyo yana laluben mai amsar, bai gan shi ba, yana can kasuwa. Ya nuna Agali, wani dogo da ke zaune a wurin yanzu. Agali ya miƙe da ƙarfinsa, ƙirji a gaba.

"Look after!"

Wato a yi kiwon fitila. Ba wanda ya yi dariya, don ba wanda ya san an yi kuskure. Bik ɗin Madam ya motsa.

Tambaya ta biyu ta dace da mai ita, ya ɗan ja numfashi. Ta uku ta ɓaci. Ya shiga tsallake tambayoyi yana neman fuskokin da suka dace da su, yana ƙirga benci a zuci, lissafin yana kuɓuce masa.

"Dakata, Mushe," in ji Madam. "Ta huɗun da ka tsallake fa? Ke mai jan kallabi, mi sunanki?"

"Lalla."

"Amsa mana, Lalla."

Lalla ta tashi, ta dubi allo, ta dubi malaminta. Yarinya ce mai ladabi, ba ta iya ƙarya ba, kuma ta ɗauka taimako take yi.

"Madam, wannan ba tawa ba ce. Ta Safi ce, ta tahi kasuwa. Tawa ta goma sha bakwai ce."

Daga nesa ana jin kukan raƙuma.

"Kowa da tasa?"

"I, Madam. Mun iya su sarai."

Madam Uwale ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi faɗa da ya fi sauƙi. Ta mayar da murfin bik, ta taso har gaban allo, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda yara ba za su ji ba.

"Kwana nawa kuka yi kuna wannan?"

"Sha huɗu, Madam."

"Kwana sha huɗu. Da koya musu ka yi, da sun iya ko biyar ne. Ni dai hannuna ba zai hau takardarka ba."

Ta fita. Ya ji an rufe ƙofar mota, ya ji ta tashi. Kunya ta rufe shi, ga tsoron abin da zai faɗa a gida. Ya tsaya riƙe da alli, bai san ko ya zauna ba.

Lalla kuwa tana tsaye har yanzu, ba wanda ya ce ta zauna. Ta ɗaga yatsa a hankali.

"Mushe, tawa ɗin nan da na hardace, give up. Don Allah mi take nufi?"

Wannan kam ya san ta ba sai ya leƙa kaye ba: a fid da rai.