Shatin Yatsa a Kan Tafki

A ɗakin jira na asibitin da nake kai Inna wankin ƙoda akwai wani ƙaton hoto a bango: tafki shuɗi kwance tsakanin duwatsu, ba mutum ba dabba. Duk wanda ya zauna sai ya ce, "Kai, wuri kamar aljanna!" Inna kuwa tsaki take ja.

"Aljannar wa? Garinmu ne aka danne da ruwa."

Tana da cikina aka gina madatsar ruwan, aka kwashe su a motocin kaya. Ban taɓa ganin garin ba, kuma ban ma yarda tafkin ne ba, duwatsu ai duk kamarsu ɗaya. Amma wa ya isa ya ja da Inna? Sai ta miƙe da ƙyar, ta dafa kafaɗata, ta ɗora yatsa kan gilashin.

"Kin ga dutsen nan mai kama da tozon bijimi? Ki sauko, ki ɗan karkata hagu. Nan ne rijiya. Nan tsamiyarmu. Yayanki yana nan a gindinta."

Yayan nawa ko yaye bai kai ba ya rasu. Ba hotonsa, ba kabarin da za a ziyarta.

"Ki riƙe wurin," in ji ta. "In na tafi, ba sauran wanda ya sani."

"Na riƙe, Inna."

"Ke? Da ba kya tuna inda kika ajiye takalminki?"

Gaskiyarta. Da ta ɗaga yatsa sai ruwan ya koma mini iri ɗaya.

Bayan rasuwarta na je mayar da keken marasa lafiya da muka ara. Na tsaya gaban hoton, na nemo tozon, na sauko, na karkata hagu. Ruwa kawai. Kewarta ta taso mini, ga tsoron na ɓatar mata da ɗa.

Mai shara ta jingine tsintsiya ta matso.

"Ba nan ba, 'yar nan. Koma ta gefen taga ki duba."

Na koma. Gilashin na ƙyalli ko'ina, sai wuri ɗaya da ya dushe da maiƙon yatsa.

"Kullum in na zo gogewa, kewaye shi nake yi," in ji ta. "Ta ce mini akwai yaro a wurin."