Tauraron da Ya Haɗiye Ƙuri'ata

Mu goma sha biyar ne a shagon ɗinkinmu na haɗin gwiwa, kuma mu mutane ne masu kunyar banza. Ba ma iya kallon mutum mu ce masa ya tafi. Shi ya sa idan za a sallami wani, kowa ke aika ƙuri'arsa ta waya ba suna: mai son a kore shi ya sa alamar tauraro kawai, wai kalmar kora ta yi nauyi a baki, wanda bai yarda ba kuma ya rubuta abin da ya ga dama. Ƙuri'un na taruwa a wani shafi cikin kwamfutar Sakatare, ba mai buɗe shi, jimla kaɗai ake gani.

Wannan karon Baba Sannu aka sa a gaba, tsohon da ya koya wa rabinmu riƙon almakashi. Hannunsa ya yi nauyi, riga ɗaya sai ta kwana ta yini a kekensa na ɗinki, ga Shugaba na son gurbin don ajiye sabon injin surfani.

Sakatare ya gyara tabarau ya karanta: tauraro goma sha huɗu cikin goma sha huɗu, tunda Baba ba ya cikin masu zaɓe. Shugaba ya sauke ajiyar zuciya, ya ce tunda baki ya zo ɗaya, sai a yi wa Baba addu'a a sallame shi cikin mutunci. Baba ya fara naɗe tef ɗin awonsa a yatsa.

Ni kuwa Barkono suke ce mini, kuma ba don ina da zaƙi ba.

"Ƙarya ne," na ce. "Ni a'a na rubuta."

Shugaba ya ce wataƙila yatsana ne ya zame. Na ce yatsan da ke zura zare a allura bai zamewa a kan waya. Ya ce kwamfuta ba ta san son kai ba. Na ce ni ma ban ce tana da dangi a shagon ba, amma ba za a haɗiye ƙuri'ata ina zaune ba. Na ja kujera na tare bakin ƙofa, na ce Baba ba ya fita sai an nemo mini a'ata.

Sakatare mutum ne mai gaskiya, sai dai akwai taurin kai. Ya nuna mini umarnin ƙirga da ya rubuta wa kwamfutar, wai shi COUNTIF, ya ce ga shi ƙarara ya ce a ƙirga tauraro. Ban san kan abin ba, amma na san yadda ake gwada sabon keke a kan ƙyalle kafin a sa masa yadin mutane. Na sa ya buɗe farin shafi ya rubuta albasa, zare, takalmi, ya ƙirga mana tauraro a ciki.

Uku ya fito.

Sakatare ya duƙufa bincike a wayarsa, can ya ɗago a sanyaye ya ce laifinsa ne. A wurin kwamfuta, tauraro na nufin kowane irin rubutu, kamar yadda alamar tambaya ke tsaya wa kowane harafi guda. In tauraron kansa ake nema, sai an sa masa wata 'yar lanƙwasasshiyar alama a gaba, wato ~*. Ya gwada a shafin albasa, ya ba da sifiri. Ya gwada a shafin ƙuri'a, ya ba da shida.

Na yi zaton daɗi zan ji, sai na ji raina ya ƙara ɓaci. Shida daga goma sha huɗu saura takwas. Ban da ni, akwai mutum bakwai a ɗakin nan da suka san ba su sa tauraro ba, suka ji an ce kowa ya yarda, suka yi gum. Na bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin kallo a ƙasan teburinsa.

Shugaba ya fara cewa a sake zaɓe don a cire shakku. Baba ya ɗaga masa hannu.

"Shidan nan ba ni da magana da su, sun faɗi abin da ke ransu," ya ce. "Ku bakwai kuwa, na gode da ƙuri'a. Amma da yarinyar nan ba ta da baki, da ku za ku riƙe mini jaka zuwa titi."

Ya juyo gare ni. "Tashi daga ƙofar nan, 'yata, kina tare mini haske."

Ya yaye mayafin kekensa, ya jawo wandon da ya bari rabi, ya ɗora ƙafa. Har aka tashi, ƙarar kekensa kaɗai ake ji a shagon.