Ɗakin Da Ba Kowa

Da ciwon ɓarin jiki ya kwantar da Malam Maccido, ɗansa Saifullah ya ce ba zai bar shi a tsohon gidan ƙasa na Ƙofar Marke ba. Ya ɗauke shi zuwa sabon gidansa a bayan gari, ya taho da ƙanwarsa Khairiyya, malamar firamare, don ta riƙa jinya in ta taso daga makaranta. Kowa a unguwa ya sa masa albarka.

Saifullah injiniya ne, gidan kuma abin tinƙahonsa. Ba makunnin wuta ko ɗaya a bango. Kowane ɗaki da ƙaramar na'ura a sili mai gane motsin mutum: in ka shiga, fitila da fanka da esi mai sanyaya ɗaki su tashi, in motsi ya ɗauke, su mutu, wutar sola ta koma batir. Tagogi a liƙe suke don kada sanyi ya tsere, hatta makullan ƙofa a wayarsa suke. Wani kamfani mai gina rukunin gidaje yana duba yadda gidan ke tsimin wuta, in ya gamsu aikin duka na Saifullah ne.

Sai bazara ta kama, irin ta Sakkwato, wadda ko inuwa ba ta da amana.

Wata rana Khairiyya ta dawo da azahar ta tura ƙofar ɗakin mahaifinta. Zafi ya buge ta kamar ta buɗe tanda, sannan fanka ta fara juyawa don ta ga shigowarta. Malam na kwance sharkaf da zufa, leɓɓansa sun bushe, idonsa a kan sili. Nan ta gane. Tsohon ba ya motsi, na'urar ta ɗauka ba kowa.

Ta jiƙa tsumma ta goge shi, ta ba shi ruwa da cokali, ta jira yayanta.

"Yaya, a cire na ɗakin Baba. Kashe mai fanka takai tun da na hita."

"Ba a cire ta," in ji shi, yana latsa waya. "In na ware ɗaki guda, mutanen ga za su gani, lissahi ya ɓaci."

"To mi za shi yi?"

"Hannu nai na hagu ai yana aiki. Shi riƙa ɗagawa. Likita ma ya ce shi motsa jiki."

Ya shiga da kansa ya gwada wa tsohon, da murya irin ta lallashin yaro. Malam Maccido, wanda manyan mutane suka durƙusa gabansa suna ɗaukar karatu, ya ɗaga hannu da ƙyar, fanka ta tashi. Saifullah ya yi dariya ya ce, "Ka gani, Baba? Ta san ka."

Haka aka ci gaba. Tsoho ya ɗaga hannu, iska ta zo, ta ɗauke, ya sake ɗagawa, har kafaɗarsa ta gaza. Khairiyya ta daina zuwa aiki, ta sayo mafici ta zauna gefensa. Da motsinta ɗakin ke samun sanyi, don haka ko alwala a gurguje take yi.

Ranar da mutanen kamfanin za su zo, Saifullah ya ce ta shiga kicin ta yi musu abinci, ba zai ba su na sayarwa ba. Ta ce Baba fa? Ya ce zai lura da shi. Tana cikin suyar nama hankalinta ya ƙi kwanciya, ta bi ta baya ta murɗa ƙofar ɗakin Malam. A kulle. Ta kira, ba amsa. Ta leƙa falo ta yafuto yayanta.

"Buɗe mani, don Allah."

"Ɗakin na wari. Ki bari baƙi su tahi."

"Yaya, rana ta take!"

Ya harare ta, ya koma wurin baƙinsa. Tana jin sa yana nuna musu waya, yana cewa kowane ɗakin da ba kowa ba ya shan wuta ko ƙwaya. Suna ta jinjina kai. Ita tana durƙushe bakin ƙofa, tana fifita ta ƙasan ƙyaure da mafici, kamar hakan zai kai.

Sai bayan la'asar ƙofar ta buɗe. Malam yana numfashi sama-sama, jikinsa zafi rau, ba ɗigon zufa. Washegari ya cika a asibiti. Aka ce tsufa ne da zafin bana.

Ranar addu'ar uku, Khairiyya ta ja gwaggonsu Sadiya gefe ta faɗa mata komai. Tsohuwar ta toshe mata baki da tafin hannu.

"Kul, ɗiyata. Kwana nai ya ƙare. Kina so ki tona asirin gidanku? Wa zai riƙe ki in ba shi ba?"

Ba ta sake faɗa wa kowa ba. Ta kwashe kayanta ta koma Ƙofar Marke. Kafin damina ta sauka Saifullah ya samu aikin, ya aiko mata da atamfa, aka yi ta yi mata barka.