Habbanayen Rabi'atu

Nasiba na tsugunne tana cire ciyawa a fangalin albasa ta ji ƙugin motar biro, wato ofishin hukuma, tana gangarowa daga hanyar Tamaske. Ba ta ɗago ba. Ta san ranar sarai, tun farkon wata take ƙirga ta da yatsu, amma ta duƙufa kamar ciyawar duniya a garkarta ta taru.

Wata shida ke nan da Madam Mairamu, mai kula da sha'anin yara a Keita, ta kawo mata Rabi'atu. Yarinya ce 'yar shekara tara. Ubanta ya tafi neman kuɗi arewa, gawarsa ma ba a gani ba, uwarta kuma ciwo ya kwantar da ita a asibitin garinsu, Madawa. Madam ta ce sabon tsari ne: yaron da hankalinsa ya tashi a kai shi gidan manoma, ya taɓa ƙasa, ya saba da dabbobi. Nasiba ta yi dariya a ranta, don a saninta haka ake riƙon yara tun kafin a haifi Madam, takarda ce kawai ba a cikawa.

Da farko yarinyar ko sunanta ba ta faɗi. Abin da ya buɗe mata baki wata jar 'yar akuya ce da uwarta ta mutu ta bar ta. Rabi'atu ta ɗauki tsohon bibiro, kwalbar shayar da jarirai, ta riƙa ba ta madara safe da maraice. Wata safiya Nasiba na dawowa daga rijiya ta ji ƙaramar murya a turke tana cewa, "Sha mana, Ja!" Nan ta tsaya da tulu a ka har wuyanta ya ƙage, don kada motsinta ya katse maganar.

Yau ga Lantana, uwar yarinyar, ta sauko daga mota, ta rame amma tana kan ƙafafunta. Aka shimfiɗa tabarma a gindin itacen bedi, aka sha ruwa, aka yi gaisuwa doguwa. Sannan Madam ta buɗe jaka.

"Inna, lokaci ya cika. Amma sai an tambayi yarinya. In ta ce tana son zama, muna iya ƙara wata ukku. In kuwa ta bi uwarta, aikinki ya ƙare. Ba mu son a raba hankalin yaro gida biyu."

Rabi'atu na tsaye riƙe da igiyar Ja. Ta dubi uwarta, ta dubi Nasiba, ta sunkuyar da kai.

"In na tahi, wa za shi ba Ja madara? Ba ta sha ga hannun kowa."

Nasiba ta san gaskiyar zance. Ja ta daɗe da wuce madara, ruwan dusa ake zuba mata a bibiron don yarinya ta ji daɗi. Shiru kawai za ta yi, Madam ta rubuta wata uku. Kuma tana son yin shirun, don tana ƙaunar yarinyar nan har cikin ranta. 'Ya'yanta biyu suna Abijan, sai murya a waya. Kafin zuwan Rabi'atu, da awaki take hira.

Sai idonta ya sauka a kan cinyar Lantana. Wasu sababbin takalman roba ne take ta jujjuyawa a hannu, masu 'yar fulawa a sama. Kallo ɗaya Nasiba ta yi musu ta gane ba za su shiga ba. Uwar ta saye su ne daidai ƙafar da ta bari wata shida da suka wuce.

Nasiba ta tafa hannu.

"Ke, rabu da ni da zancen madara! Akuyar da jiya ta cinye mini rabin damin harawa? Tashi ki ɗauko kayanki. Ja ma da ke za ta."

Lantana ta zabura. "Haba Inna! Kin riƙe mini ɗiya, kuma ki haɗa da kyautar akuya? Wallahi kunya ba ta bari na in amsa."

"Wa ya ce miki kyauta ce? Habbanaye na ba ta. In ta haihu 'ya'yan na Rabi ne, uwar kuwa a maido mini abata." Ta juya wajen Madam, fuska ba wasa. "Kuma ko'ina ƙasar ga, mai habbanaye tana zuwa duba akuyarta, ta ga ko ana ba ta abinci. Ko takardarki ta hana?"

Madam Mairamu ta dubi takardar, ta juya bayanta, ta danne murmushi.

"Takardata ba ta yi zancen awaki ba, Inna."

Sai da direba ya yi mita kafin ya yarda a sa Ja a bayan mota. Rabi'atu ta rungume Nasiba, ta shiga ta zauna jikin uwarta, takalman a hannu, ƙafa ba komai. Nasiba ta tsaya bakin danga har ƙugin motar ya ɓace, sannan ta goge ido da bakin zane ta ce hayaƙin mota ne.

Da ta koma turke ta iske bibiron rataye a jikin itace. Ta wanke shi tas, ta ƙulle a tsumma. Maƙwabciyarta Kalla ta leƙo ta kan danga.

"Sun tahi ke nan?"

"Sun tahi. Amma dubi sakarci, sun mance da bibiro." Ta ɗaga ƙullin. "Dole in kai musu ran kasuwar Madawa. Kin san akuyar nan ba ta iya kwana ba shi."